Gwarzon da Ba Ya Tuntuɓe

Tun daga gasar nan ta 1933 da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya, wadda ta haifar mana da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, masu karatu ba su gushe ba suna saɓani a kan wanne ya fi wanne. Ni kuwa a cikin wannan mas'ala, ko da yake na san malamai da yawa za su saɓa mini, zuciyata ba ta taɓa natsuwa da Ganɗoki ba. Ba na musun balagar marubucinsa, Malam Bello Kagara, domin kirarin littafin da amon yaƙinsa abin jinjina ne, illa dai gwarzon nasa, tun daga gwabzawarsa da Nasara har zuwa ƙasashen aljannu, bai nuna mini wani rauni da zan shaida ɗan Adam da shi ba, kuma wanda ba a jin tsoron faɗuwarsa, da wuya a yi farin ciki da nasararsa.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa, da ba shi da yawan ado a lafazi, shi ne ya zauna mini a rai, sababin haka kuwa uwar Umar ce da ta bar gida neman ɗanta, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, aka ƙetara Sahara da ita, har ta gan shi a lokacin da ajali ya riga ya matso. Irin wannan tasiri na sake samu a Alhaki Kwikwiyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, inda Rabi, bayan Alhaji Abdu ya kore ta da 'ya'ya tara saboda amarya, ta koma dafa abincin sayarwa domin ta riƙe su. Mawallafiyar ta san ƙuncin kuɗin cefane da ba ya kai wa tukunya, ta kuma rubuta shi yadda duk wanda ya tashi a gidan yawa zai gaskata.

Abin da ya sa na tsawaita a kan wannan shi ne, alal haƙiƙa, Ganɗoki ya dawo mana a cikin littattafan soyayya da ake sakewa shafi-shafi ta WhatsApp da Wattpad, sai dai ya ajiye takobi ya ɗauki makullin mota. Saurayin kullum ɗan attajiri ne, likita ko hafsan soja, miskili wanda ba ya magana sai da ƙyar. Budurwar fara ce sol mai gashi har gadon baya. Sa'an nan a ɓata shafuffuka ana lissafa akwatunan lefe, leshi da atamfa da turaruka, alhali ba a faɗa mana abin da ɗayansu yake tsoro ko yake nadama a kansa ba. Irin waɗannan ba na iya kai su ƙarshe.

Ba na raina himmar matan da ke wannan talifi, domin sun sami masu karatu da abin masarufi ba tare da jiran wani kamfanin ɗab'i ba, kuma a cikinsu akwai masu baiwa ta gaske. Amma tsarin da kansa yana tauye su: tun da masu karatu kuɗi suke biya a sa su a zauren WhatsApp, kuma kowace rana suna jiran sabon shafi suna sharhi a kansa, idan marubuciya ta kuskura ta bar gwarzonta ya talauce ko ya yi laifin da zai zubar masa da girma, kafin gari ya waye ƙorafi ya cika zauren, sai ta ga babu makawa ta mayar masa da dukiyarsa da mutuncinsa a shafi na gaba.