Kalangu a Cikin Kwamfuta

Da an kammala girbi, raken Makarfi da Kudan ya fara cika manyan motoci, sai bukukuwa su kankama, kuma amaryar yanzu ba ta jin biki ya cika sai an yi mata waƙa da sunanta. Mawaƙi zai hau motar Zariya, ya shiga situdiyo, ya rera amshinsa sau biyu da baki kawai. Daga nan aiki ya koma hannun mutumin da ke zaune tsakanin kwamfuta da fiyano, wanda 'yan biki ba za su taɓa jin sunansa ba.

Abin da yake sarrafawa ana ce masa MIDI, tsarin da masu ƙera kayan kiɗa suka fito da shi a 1983, bisa jagorancin Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland a Japan. MIDI umarni kawai yake adanawa: wane maɓalli aka danna, yaushe, na tsawon wane lokaci, da ƙarfin bugun, daga 1 zuwa 127. Shi ya sa abin da aka buga da muryar fiyano ake iya mai da shi sarewa ko algaita ba tare da an sake bugawa ba. Masu kiɗan finafinan Kano na zamanin Sangaya da fiyanon Yamaha suka yi suna. Na yanzu FL Studio ko Cubase suke buɗewa, inda kowane bugu ke fitowa kamar ɗan kara a kwance, ka ja shi gaba ko baya, ka gajarta shi, ka ɗaga shi.

A nan ake gane gwani. Akwai maɓalli guda da ke jera dukkan bugun daidai wa daida, kuma ɗan koyo yana son sa ƙwarai. Yana dannawa sai kiɗan ya miƙe kamar faretin soja, babu mai marmarin taka shi. Gwani kuwa sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya jinkirta wannan da ƙiris, ya sassauta ƙarfin wancan, domin hannun makaɗi bai taɓa dukan fata sau biyu da nauyi ɗaya ba. Kalangu ya fi ba shi wahala. Makaɗan Shata matse shi suke yi a hammata, murya ta hau ta sauka, gwani kuma sai ya zana wannan hawa da sauka da layi, yana saurare yana gogewa. Ga kuma karin harshe: in karin waƙa ya saɓa wa na magana, kukan hawaye sai ya koma kukar miya, kuma kwamfuta ba ta jin Hausa balle ta gyara.

Jeren waƙar ma nasa ne. Shi zai yanke inda baiti zai shigo, inda zai bar wa 'yan amshi fili, da inda zai ɗauke ganga gaba ɗaya don sunan amarya ya fito tas, a samu wurin liƙi. Duk wannan yana yi ne yana adana aikin a kai a kai, saboda 'yan NEPA ba sa sallama. Kafin mawaƙi ya isa tasha, waƙar ta riga shi zuwa gidan biki ta WhatsApp.