Tafinta, Mai Tsayawa Tsakanin Baki da Kunne

Duk wanda ya taɓa rako maras lafiya daga Limawa zuwa asibiti a cikin Dutse, ya tarar likitan ɗan bautar ƙasa ne daga Kudu wanda bai iya Hausa ba, ya san ranar tafinta. Kalmar aro ce daga Turanci, tun zamanin da wani ke tsayawa tsakanin Di'o da talakawa, amma ta daɗe da zama 'yar gida. Yau ko yaro ya bayyana wa kakarsa abin da baƙo ya faɗa, sai a ce ya yi tafinta.

Mai fassara ko tarjama, irin wadda Sheikh Abubakar Gumi ya yi wa ma'anonin Alƙur'ani, yana zaune ne da littattafai da ƙamus, yana da damar gogewa ya sake. Tafinta kuwa a tsaye yake, mutum biyu sun zuba masa ido, kuma abin da ya fita bakinsa ba ya komawa.

A asibiti ake ganin gwanintarsa. Tsohuwa ta ce zuciyarta na tashi. Wanda bai ƙware ba sai ya tura likita binciken zuciya, gwani kuwa ya san amai ne ke taso mata. Uwa ta ce jaririnta na da shawara: ba neman ra'ayi take ba, idon yaron ne ya yi rawaya. Haka idan ta ƙi ambatar sunan ɗanta na fari, tafinta ya san alkunya ce, sai ya nemo sunan a bakin 'yar rakiya ba tare da ya kunyata ta ba. Wannan ladabin, a ganina, rabin sana'ar ne.

A kotu abin ya fi nauyi. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin samun tafinta kyauta idan bai fahimci harshen da ake shari'ar da shi ba. Bahaushe ya ce wa alƙali "to, na ji", sau da yawa girmamawa ce kawai. Tafintan da ya mayar da ita amsa laifi ya ɗaure mutum da bakinsa.

Ya kamata asibitoci da kotunan Jigawa su horar da tafintoci na Hausa da Fulatanci, su kuma biya su yadda ya dace da nauyin da suke ɗauka.