Dodon Garo da Dodon Tatsuniya: Ɗan Sharhi

Garo wasan talabijin ne na ƙasar Japan wanda Keita Amemiya ya ƙago, aka fara nuna shi a shekarar 2005. Jigonsa shi ne farautar dodanni, watau miyagun halittu masu shiga jikin mutum ta kafar mugun halinsa, kamar haɗama ko ƙyashi. Jarumin, Koga Saejima, sulken zinariya gare shi, amma in ya wuce daƙiƙa 99.9 a cikinsa, sulken ya rinjaye shi.

Wannan jigo ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A tatsuniyar budurwar da ta ƙi auren mai tabo, wadda na ji a bakin tsofaffi a Birnin Kudu da Gwaram, girman kanta ne ya jawo Dodo, ya zo mata a siffar saurayi. Bambancin yana wajen warwarar labari. A Garo takobi ke raba gardama, wanda dodo ya shiga kuwa ba ya tsira. A tatsuniya, ƙanen da ta raina shi ya cece ta da dabara, ta komo gida tana nadama. A nan tatsuniya ta fi zurfi, domin ta bar wa mai laifi damar tuba. Ya kamata masu shirya finafinanmu na aljanu su lura da wannan.