Facin Fenti a Jikin Tomcat

Akwai maganar da masu sukar haɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba ba sa gajiya da maimaitawa. Wai mutumin da ya sayi kwali, ya yanko ɓangarorin jirgi, ya manna su da gam bisa lambobin da kamfani ya buga masa a takarda, bai ƙirƙiri komai ba. Har sukan ce yaron da ya fere kara ya yi mota ya fi shi fasaha, tunda shi yaron daga kansa ya fito da fasalin motar.

Rabin maganar gaskiya ne. F-14A Tomcat ɗin da kamfanin Tamiya ya fitar a 2016 a ma'aunin 1/48 ya kai matsayin da ɓangarorinsa ke shiga juna ba sai an nemi fila an cike giɓi ba. Wanda ya haɗa shi, ya fesa masa ruwan toka kala ɗaya, ya ɗora a kanta, gwanintar injiniyoyin Tamiya da ke Shizuoka ya nuna mana. Amma auna sana'a da aikin wanda ya tsaya a bakin ƙofarta rashin adalci ne. Haɗawa share fage ce kawai, ainihin aikin sai gam ya bushe yake farawa.

Tarihin ba ya buƙatar dogon zama. Ma'aunin 1/72 ya samu gindin zama a Ingila a shekarun 1930, da jiragen katako na Skybirds da na roba na FROG Penguin da suka biyo baya a 1936. A 1942 rundunar sojojin ruwan Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa mata ƙananan jirage 500,000 a wannan ma'auni, don sojoji su koyi bambance jirgin gida da na abokan gaba kafin su buɗe wuta. Airfix ya fitar da Spitfire ɗinsa a 1953, Revell da Monogram suka cika shagunan Amurka, daga baya Hasegawa da Tamiya na Japan suka ɗaga inganci zuwa wani mataki. Ƙungiyar IPMS ta masu haɗa irin waɗannan samfura ta kafu a Birtaniya a 1963, kuma har yau masu wannan sha'awa na cika garin Telford duk watan Nuwamba. Tun asali ke nan abin da sana'ar ke nema a wurin mai yinta shi ne ya iya kallon jirgi.

A cikin dukan jiragen da ake kwaikwaya, na sojojin ruwa na fi so, kuma ina da dalili. Jirgin sojan sama yana da rumfa a kan tudu. Na ruwa kuwa yakan shafe watanni a doron jirgin dako, wato jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama, ɗaure da sarƙoƙi, iskar teku na watsa masa gishiri dare da rana. In zai tashi majaujawar tururi ce ke cilla shi, in zai sauka sai ƙugiyar da ke wutsiyarsa ta cafki igiyar ƙarfe ta tsayar da shi da ƙarfin tsiya. Daga 1955 jiragen saman sojojin ruwan Amurka suka riƙa sanya toka mai haske a sama da fari mai ƙyalli a ciki, da tambura masu ja da rawaya a wutsiya. A farkon shekarun 1980 aka koma tokar da ba ta ƙyalli, kala uku a jikin Tomcat, masu lamba FS 35237 da 36320 da 36375, don kada a hango jirgin daga nesa. Irin wannan fenti yana riƙe datti, kuma rana na kodar da shi da wuri. Ga kuma ma'aikatan da aikinsu shi ne farautar tsatsa: duk inda suka ga gishiri ya fara cin ƙarfe sai su goge wurin, su shafa fentin ƙasa, su fesa toka daga gwangwani. Tokar da ke hannu ita ake fesawa, ta dace da ta kusa da ita ko ba ta dace ba. Shi ya sa, a zamanin da Tomcat ke aiki, wanda ya dawo daga doguwar tafiya yake dabbare-dabbare daga hanci har wutsiya.

Wannan dabbare-dabbaren shi ne jarrabawar mai haɗa jirgin sojan ruwa, kuma a nan nake son in daɗe.

Mai hannu ba ya fara da facin. Yakan fara da fentin da ya tsufa. Ya shimfiɗa baƙi ko toka mai duhu a ƙasa, sannan ya ɗauki ƙaramar bindigar feshi mai allurar milimita 0.2, ya tsinka fentin da tina har ya kusa zama ruwa, ya rage iska, ya riƙa zana ƙananan murɗe-murɗe a cikin kowane falle. A wannan mataki jirgin muni yake yi, wanda bai sani ba zai ce an ɓata shi. Sai a bi da siraran shimfiɗu na ainihin launin, ɗaya bayan ɗaya, har murɗe-murɗen su nutse su zama kamar kodewar rana. Doron jirgi da saman fukafukai sun fi kodewa, ciki ya fi riƙe launinsa amma ya fi shan mai.

Daga nan sai sitika: lambar jirgi, tambarin runduna, ƙananan rubuce-rubucen gargaɗi. A nan da yawa suke kuskure, domin sukan gama dukan fenti sannan su ɗora sitika a ƙarshe, tas da ita, kamar yau aka buga. A jirgin gaske matashin da ke fesa faci da gwangwani ba ya kewaye rubutu. Feshinsa yakan ci rabin harafi, ya dusashe gefen tauraro. Don haka dole wasu facin su hau kan sitika. In ka ga samfurin da aka cinye masa kusurwar lamba da toka, to mai shi ya kalli hoto da idon basira.

Facin kansa iri biyu ne. Akwai mai laushin baki, wanda aka fesa hannu sake, yawanci a jere bisa layin kusoshi ko zagaye da murfin da makanikai ke yawan buɗewa. Akwai mai kaifin baki, mai kusurwa huɗu, inda aka kewaye wurin da tef kafin a fesa. Kowanne a samfuri yana buƙatar tokarsa: ɗigon fari a wannan, ɗigon shuɗi a wancan, wani kuma tokar ciki ce ta ɓata hanya ta hau sama. Bayan haka sai datti, da fentin mai na masu zane wanda aka tsinka sosai. Dattin ma yana da adireshi. Gefen hagu, wajen tsanin da matuƙi da abokin aikinsa ke hawa, yana da shatin hannu da na takalmi. Doron jirgi tsakanin wutsiyoyi biyu hanya ce ta makanikai. Ciki, tsakanin injuna biyu, baƙin mai ne ke bin iska zuwa baya. Kuma tunda fiffiken Tomcat na motsawa daga digiri 20 zuwa 68 a sama, har 75 in an ajiye shi a doron jirgin dako, gindinsa yana da wani shatin gogayya mai lanƙwasa wanda babu shi a jiragen Phantom ko Hornet.

Sai mataki na ƙarshe, wanda a ganina shi ke raba gwani da mai koyo. Bayan dattin ya bushe, a sake komawa a fesa wasu 'yan faci a kansa, masu tsabta. Dalili a fili yake: facin da aka yi jiya bai sha dattin watanni ba. Da wannan sai jikin jirgin ya samu shekaru daban-daban, akwai fentin masana'anta da ya kode, akwai facin farkon tafiya da ya yi duhu da maiƙo, akwai na makon nan da ke haske. Ido yana karanta wanne ya riga wanne ko da mai kallo bai san abin da yake karantawa ba.

Akwai gajerun hanyoyi biyu da suka yi tashe, kuma duka ban yarda da su ba. Ta farko ita ce bin kowace tsagar falle da baƙin layi, a fesa inuwa a gefenta, har jirgi ya fito da raga-raga a jiki. Lissafi kaɗai ya isa ya rushe ta. Tsagar milimita 0.2 a ma'aunin 1/48 kusan santimita guda ce a jirgin gaske, kuma babu shugaban makanikai da zai sa hannu jirgi mai irin wannan giɓi ya tashi. Tomcat mita 19 ne, samfurinsa kusan santimita 40. Wanda ya tsaya rabin mita daga samfurin daidai yake da wanda ya tsaya mita 24 daga jirgin. Daga wannan nisa mahaɗar fallaye da ƙyar ake ganinta, faci kuwa ana ganinsa sarai. Hanya ta biyu ita ce ta gishiri: a jiƙa samfuri, a barbaɗa gishirin girki, a fesa siririn fenti, a wanke. Tana ba da ɗigo-ɗigo masu ɗaukar ido a hoto, kuma tana da amfani kaɗan wajen kodewa. Amma gishiri inda ya faɗi nan ya faɗi. Facin jirgi kuwa hannu ne ya yi shi, a wurin da ido ya ga matsala, daidai inda hannun mutumin da ke tsaye ko durƙushe zai kai. Wanda ya miƙa wa gishiri wannan aiki ya cire mutum daga cikin labarin.

Sake gina tsohon samfuri ma daga nan darajarsa take. A ɗauko Tomcat na Monogram na farkon shekarun 1980 wanda wani ya lafta wa fenti da burushi tun yana yaro, gam ya ɓata gilashin mazaunin matuƙi, ƙafa ɗaya ta karye. A jiƙa shi a sifirit ko ruwan soda gwargwadon irin fentin, a bi shi da tsohon burushin haƙori har robar ta fito. Tina mai ƙarfi kuwa narkar da shi za ta yi. A raba abin da zai rabu, a cike, a goge da sanfefa mai ruwa. Layukan wannan tsohon samfuri a tashe suke maimakon a tsage, kuma akwai masu ganin wajibi ne a goge su duka a sake tsaga sababbi da allura. Ni ina ganin asarar lokaci ce, sai dai wuraren da sanfefa ta riga ta cinye. Gara a kashe wannan lokacin a kan bututun shaƙar iska, inda layin mahaɗa ke tona asirin mai gaggawa, da kujerun tsira, da bakin injuna. Wanda zai mayar da F-14A zuwa F-14B dole ya san cewa injin TF30 ya ba F110 wuri, don haka bakin inji ya sauya fasali, kuma 'yan ƙananan fukafukan da ke fitowa daga kafaɗar A babu su a B. Wanda ya bar shi a A kuma ya ajiye shi a doron jirgin dako, zai iya barin bakin inji ɗaya a buɗe ɗaya a tsuke, kamar yadda hotuna da yawa ke nunawa. Babu takardar kwali da ke yanke wa mutum waɗannan shawarwari.

Wasu kuma cewa suke yi sana'ar kambama yaƙi ce. Wannan zargi ya fi kama samfurin da aka goge tas, mai ƙoƙon kai da ƙasusuwan rundunar VF-84 a wutsiya, wanda aka yi don tuna fim ɗin The Final Countdown na 1980. Ba ni da faɗa da masu son sa, amma talla ce. Samfurin da ya sha faci wani labari yake bayarwa. A doron jirgin dako kowa da launin rigarsa: masu rawaya na ba da hanya, masu ja na ɗora makamai, masu shunayya na zuba mai, masu kore na gyara, mai ruwan ƙasa kuma shi ne mai kula da jirgi guda, ya wanke shi, ya duba shi, ya ɗaure shi. Matuƙi sa'o'i kaɗan yake yi a ciki, kuma ba ya barin alama a jikinsa sai ta hannu da takalmi. Duk sauran abin da ido ke gani a fatar jirgin aikin waɗannan matasa ne. A ganina samfurin jirgin sojan ruwa mai kyau hotonsu ne, ko da ba a tsayar da ɗan mutum-mutumi ko ɗaya a gefensa ba.

Ba Amurkawa kaɗai ke da wannan ba. A 1982, lokacin da jiragen dakon Birtaniya HMS Hermes da HMS Invincible suka nufi tsibiran Falkland, jiragen Sea Harrier da ke kansu suna da farin ciki da tambura masu haske. A kan hanya, cikin teku, aka rufe farin da toka mai duhu, aka shafe farin zoben da ke tambarin ƙasa da shuɗi. A Hermes da burushi aka yi aikin. Wanda zai kwaikwayi ɗaya daga cikin waɗannan jirage da gaskiya sai ya fara fesa farin, ya manna tambarin asali, sannan ya bi su da toka ta yadda tsohon launin zai ɗan leƙo ta ƙasa, kuma shuɗin da aka ƙara ya bambanta kaɗan da na asali. Alƙalan gasa sun saba farautar shatin burushi a matsayin aibi, tare da giɓin mahaɗa da karkataccen fiffike, kuma a mafi yawan lokuta suna da gaskiya. A kan Sea Harrier na Hermes kuwa sai mai shi ya ajiye hoton jirgin a gefen samfurin, don alƙali ya duba kafin ya rage masa maki.