Tausayin Mai Karatu: Kan Wa Ya Ke Sauka?

A Yaƙin Duniya na Biyu 'yan Nazi sun hallaka yaran Yahudawa wajen 1,500,000. Littattafai biyu sun isa a auna yadda adabi ya riƙi wannan masifa.

Na farko shi ne abin da Anne Frank ta riƙa rubutawa sa'ad da ta ke ɓoye a Amstadam daga 1942 zuwa 1944, kafin rasuwarta a sansanin Bergen-Belsen cikin 1945. Wahalarta a fili ta ke, watau tsoron a ji motsinsu, da ƙarancin abinci, da zaman kulle.

Na biyu ƙagaggen labari ne na John Boyne, The Boy in the Striped Pyjamas, na 2006. A ciki ɗan shugaban sansanin Aushwits ya ƙulla abota da wani yaro Bayahude ta shingen waya, har suka mutu tare a ɗakin iskar guba. Amma fa yawancin yaran da aka kai can, ranar isowarsu aka kashe su. Sa'an nan labarin ya karkatar da tausayin mai karatu wajen iyalin azzalumi. Saboda haka lalle malamin da zai karantar da shi ya fara gabatar wa almajiransa shaidar Anne.