Tsokaci a Kan Jadawalin Shekara na Hukumar Duba Makarantu ta Wels

A yankin Wels na Birtaniya, hukumar Estyn ce ke duba makarantu. Kowace shekara gwamnatin yankin kan aika mata da takarda mai ƙunshe da batutuwan da take son a bincika, a ba ta shawara a kansu. A 2022, alal misali, hukumar ta fitar da rahoto kan koyar da yara 'yan shekara 3 zuwa 11 da harshen Wels zalla.

Tsarin yana da fa'ida, amma muna da ja a kansa. Gwamnatin da za a auna manufarta ita ce ke zaɓen abin da za a auna. A 2017 ta ƙudurta samun masu jin harshen miliyan ɗaya zuwa 2050. Sai ƙidayar 2021 ta nuna sun ragu daga 562,000 a 2011 zuwa 538,300, kuma raguwar ta fi tsanani a tsakanin yara 'yan makaranta. Harshe kuwa ba ya zama a bakin yaro cikin shekara guda, don haka batun da aka duba bana, baɗi aka koma wani, da wuya ya gano inda gizo ke saƙa. A ganinmu, kamata ya yi hukumar ta bi rukunin ɗalibai guda tun daga shigarsu firamare har su kammala, ko minista ya nema ko bai nema ba.