Taswirar Huntington da Yaƙe-yaƙen Wannan Zamani: Sharhi a kan Ra'in Karon Wayewa

Duk lokacin da wata fitina ta ɓarke tsakanin ƙasar Musulmi da wata ƙasar Yamma, sai a zaro littafin Samuel Huntington, malamin kimiyyar siyasa na Jami'ar Harvard, a ce ga abin da ya faɗa ya tabbata. Ya fara shimfiɗa ra'insa ne a wata maƙala a mujallar Foreign Affairs a 1993, sannan ya faɗaɗa ta zuwa littafi a 1996. Gundarin da'awarsa shi ne: bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, yaƙe-yaƙe mafi haɗari za su auku ne a kan iyakokin da suka raba manyan wayewar duniya, bakwai ko takwas a ƙirgensa, kuma addini ne babban abin da ke bambance su. Musulunci da Sin ya fi ɗora wa ido a matsayin masu ƙalubalantar Yamma.

Adalci ya wajabta a ba shi haƙƙinsa. A lokacin da masana da yawa suke ganin addini ya kama hanyar ficewa daga siyasar duniya, Huntington ya ce yana nan daram, kuma ya yi gaskiya. Kisan Musulmi kimanin 8,000 a Srebrenica a 1995, da korar 'yan Rohingya fiye da 700,000 daga Myanmar tun daga 2017, ba za su fahimtu ba idan aka cire addini daga lissafi.

Sai dai ra'i ana auna shi ne da abin da ya yi hasashe, kuma a nan ne taswirar take fara yagewa. Huntington ya yi magana ƙarara a kan Ukraine. A ganinsa yaƙi tsakaninta da Rasha abu ne mai wuyar aukuwa, domin al'ummomi ne biyu na Slab, mafi yawansu mabiya cocin Otodoks. Abin da ya ga ya fi yaƙin yiwuwa shi ne ƙasar ta dare gida biyu a kan iyakar ɗarikun Kiristanci da ta ratsa ta. Rasha ta ƙwace Kirimiya a 2014, ta kuma afka wa ƙasar gaba ɗaya ranar 24 ga Fabrairun 2022. Yaƙi mafi girma a Turai tun 1945 ya tashi ne a cikin gida ɗaya na wayewa, kuma biranen gabas masu magana da Rashanci, irin su Kharkiv da Mariupol, su ne suka fi shan ruwan bama-bamai.

Sudan ta fi wannan ba da darasi, domin da farko ta yi kamar ta gaskata shi. Ya lissafa ta cikin ƙasashen da iyakar wayewa ta tsaga, kuma kudanci ya ɓalle a 2011. Da ra'in ya inganta, da rabuwar ta kawo sauƙi ga ɓangarorin biyu. A Disambar 2013 Sudan ta Kudu ta faɗa yaƙin basasa tsakanin Salva Kiir da Riek Machar, dukansu Kiristoci. Ranar 15 ga Afrilun 2023 kuma Khartum ta kama da wuta tsakanin rundunar Janar Burhan da dakarun Hamidti, dukansu Musulmi masu fuskantar alƙibla ɗaya, har miliyoyin mutane suka bar gidajensu. Abin da ake rigima a kai sananne ne: mulki, da zinare, da wanda zai riƙe bindiga.

Tushen kuskuren shi ne ɗaukar al'ummar aƙida a matsayin rundunar siyasa. Iran da Iraƙi sun gwabza shekara takwas, daga 1980 zuwa 1988. A 1991 sojojin Saudiyya da Masar da Siriya sun tsaya sahu ɗaya da Amurka a kan Iraƙi. Wannan kuwa ba sabon abu ba ne: Haruna Rashid ya yi musayar jakadu da kyaututtuka da sarkin Faranja, Sharlaman, a zamanin da Banu Umayya na Andalus suke abokan hamayyar Abbasiyawa, kuma Sultan Sulaimanu na Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya ƙulla ƙawance da Faransa a ƙarni na 16. Huntington ya lura cewa Musulmi ba su da ƙasa ɗaya mai jan ragama, amma sai ya mayar da wannan wata hujjar haɗarinsu, maimakon ya ga cewa ta rushe rukunin da ya gina. Ibn Khaldun, wanda ya rubuta Muƙaddima a 1377, ya fi shi kusa da gaskiya da ya danganta tashin dauloli da faɗuwarsu ga asabiyya da neman mulki.

Edward Said ya yi wa littafin raddi mai zafi a 2001, kuma masu sukarsa daga cikin Musulmi ba su da iyaka. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne yawan Musulmin da suka karɓe shi hannu bibbiyu, suna jin cewa Bature ya tona asirin 'yan'uwansa. Wannan karɓar ta fi littafin haɗari, domin taswirar da ta raba duniya sansani biyu ita ce ainihin taswirar Alƙa'ida da Da'ish da Boko Haram. Kuma wanda ya riƙe ta ba ya daɗewa sai ya fara tankaɗe sansaninsa, yana fitar da waɗanda imaninsu bai gamsar da shi ba. Waɗanda suka kai hari Babban Masallacin Kano ranar Juma'a, 28 ga Nuwamban 2014, suka kashe masallata fiye da 100, ba wata baƙuwar wayewa suka tarar a cikin sahu ba.

Masu wannan ra'ayi sukan fake da rabon da fuƙaha'u suka yi na Darul Islam da Darul Harbi. Rabon nan ijtihadi ne da aka gina domin warware mas'alolin amana da ciniki da gado a wani yanayi na tarihi, kuma malamai, musamman Shafi'iyya, sun ambaci kashi na uku, wato ƙasar da aka ƙulla alkawari ko sulhu da ita. Sira ma ba ta goyi bayan sansani biyu ba. Hijirar farko zuwa Habasha aka yi ta, ƙarƙashin sarki Kirista wanda ya ƙi miƙa Musulmi ga jakadun Ƙuraishawa. A sulhun Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, ƙabilar Khuza'a ta shiga alkawarin Manzon Allah (SAW) alhali a cikinta akwai Musulmi akwai mushrikai. Da Banu Bakrin suka far mata da taimakon Ƙuraishawa, bai tsaya tantance addinin waɗanda aka kashe ba. Ya ɗauki alkawarin a matsayin wanda aka warware, ya tashi da runduna ta mutum 10,000 zuwa Makka a shekara ta 8.